Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ranar da na tsokale bakin bindiga da allura

A makon jiya na tsaya a inda Maigida ya fara barina ni kaɗai a ɗakin feshi. Ba a yi wata biyu da hakan ba aka kawo mana ƙofofin kabad guda 24, ana son farin fenti mai sheƙi. Maigida ya dama fenti, ya saita komai, ya fita duba wani aiki.

Bindigar feshin fenti da ya bar mini ba irin mai kofi a ka ba ce. Tiyo biyu gare ta. Ta ɗaya famfo ke turo fenti da ƙarfi, ya fito ta wata 'yar tsaga a bakin bindiga. Ta ɗayan kuma iska ce kaɗan daga kwamfuresa, tana fita ta ramukan hular da ta kewaye bakin, tana daidaita gefen feshin. Kamfanin Kremlin na Faransa ne ya fito da tsarin a 1975 da sunan Airmix. Masu fentin katako na son ta ne don tana da sauri, kuma fenti ba ya tashi sama ya tafi a banza.

Ƙofofi shida na farko sun fito lafiya lau. A ta bakwai sai feshin ya karkace, gefe ɗaya ya yi kauri, ɗayan kuma fayau. Na ƙara wa famfo ƙarfi, fenti ya fara hawaye a jikin katako. Hankalina ya tashi, domin ina son Maigida ya dawo ya tarar na gama. Na kwance hula, na zare bakin, na samo allurar ɗinki na yi ta tsokalar ramin. Da na mayar na gwada, sai ga wani layi mai kauri ya ratsa tsakiyar feshin. Abu ya ƙara lalacewa.

Na ɗora babban yatsana a bakin bindiga ke nan don in ji ko a toshe yake, ɗaya hannun kuma yana kan kunama, Maigida ya shigo.

"Kai! Cire hannunka!"

Ban taɓa jin ya ɗaga murya haka ba. Ya ƙwace bindigar, ya kulle kunama, ya kashe famfo, ya sauke matsin a cikin bokiti, sannan ya dube ni. Ya ce, "Ɗana, fentin nan yana huda fata. Ramin da zai bari bai wuce tsinin allura ba, za ka ce ba komai, alhali fenti da tina, ruwan da ake tsinka fenti da shi, sun shige cikin nama. Wanda abin ya sama asibiti zai nufa nan take a yi masa aiki, in ya yi jinkiri yana iya rasa yatsan." Har yau ba na kwance komai a jikin bindiga sai na ga allurar agogon famfo ta kwanta a sifili.

Da ya huce sai ya jingina kwali a bango. Ya nuna mini lambar da ke jikin bakin, 411. Ya ce lambar farko a ninka ta biyu, faɗin feshi ke nan, inci 8 idan ka tsaya nesan inci 12. Sauran biyun kuma girman ramin ne, kashi 11 cikin dubu na inci. Rami mai ƙanƙanta haka na sa wa allura. Ƙarfen da ake yin bakin da shi yana da tauri ƙwarai, amma gautsi gare shi, gefensa ya ɗan ɓantare shi ke nan ya tashi aiki.

Ya ɗauko sabon baki ya sa, ya rufe iska gaba ɗaya, ya fesa fenti zalla a kwali. Feshin ya fito a miƙe, da ɗan layi sama da ƙasa, abin da muke kira wutsiya. Ya ce haka ake so a wannan mataki. Sai ya buɗe iska a hankali don wutsiyar ta narke, nan take feshin ya sake karkacewa kamar yadda ya yi mini.

"Yanzu ina laifin yake?"

"Maigida, a hula yake."

Ya ɗaga hular ga haske. Ɗaya daga ramukan ƙahonta ya toshe da busasshen fenti, iska na turi ta gefe guda kawai. Minti kaɗan a cikin tina, ɗan buroshi mai laushi, ta koma daidai. Ashe bakin da na lalata ba shi da laifin komai tun farko. Wannan ne ya fi yi mini ciwo, kuma Maigida bai ce mini uffan a kansa ba.

Daga ranar na daina buɗe bindiga kafin in ga abin da ta rubuta a kwali. In tana tofi, iska ce ta shiga layin fenti, ko dai bokiti ya yi ƙasa ko bututun tsotso ya sassauta. In ƙarfinta na raguwa a hankali, matatar da ke cikin mariƙi na fara dubawa. In tana ɗiga bayan na saki kunama, datti ne a mazaunin allurar da ke cikinta mai tare fenti, ko mazaunin ya cinye. Ƙananan ramuka a fuskar fenti kuwa, sau da yawa ruwa ne ko mai daga kwamfuresa, shi ya sa nake zubar da ruwan tankin kullum kafin in tashi. Ina ganin masu jefa bindiga ɗungurungum cikin tina ta kwana, su ce wanki suke yi. Robobin ciki suke kashewa. Baki da hula da matatar fenti kaɗai ake jiƙawa, jikin a goge da tsumma.

Ƙofar nan ta bakwai sai da muka bari ta bushe, washegari na goge ta da sanfefa har hawayen ya baje, na sake fesa ta Maigida na tsaye a bayana. A wannan makon ne kuma aka kawo mana fenti mai haɗi biyu, wanda in aka dama shi yake fara daskarewa ko a cikin tiyo ne. Labarinsa sai mako mai zuwa.