Wa Zai Rushe Ta Idan Ta Tsufa?

A Gombe, duk lokacin da aka ɗauke wuta aka shiga zancen mafita, ba a rasa mai kawo batun nukiliya, musamman tun da aka ambaci Geregu a Kogi da Itu a Akwa Ibom cikin wuraren da za a iya kafa tasha. Sai dai ban taɓa jin an tambayi wanda zai rushe tashar idan ta gama aiki ba.

Tukunyar nukiliya, wato ɓangaren tashar da ke samar da zafin da ake mayarwa lantarki, ko an kashe ta, makamashinta yana ci gaba da fitar da zafi, kuma ƙarfe da kankaren da ke kewaye da ita sun riga sun gurɓata, saboda haka sai an yayyanka su, an auna kowane yanki, sannan a nema masa ma'ajiya. Faransa ta rufe tashar Brennilis a 1985, amma har yau ba ta gama kwance ta ba.

A ganina, matsalar da ta fi ba masana mamaki ita ce mantuwa. A Sellafield da ke Ingila, inda aka fara aiki bayan Yaƙin Duniya na Biyu domin ƙera makami, an riƙa zuba shara cikin tafkuna da rumbunan kankare ba tare da cikakken rubutaccen bayani ba. Sharar ta zagwanye ta zama laka, waɗanda suka zuba ta sun yi ritaya ko sun rasu, ma'aikatan yau kuwa sai dai su tura na'urori su lalubo abin da ke ciki. A 2024 hukumar binciken kuɗi ta Birtaniya ta ce aikin tsabtace wurin zai ci kimanin fam biliyan 136, kuma zai kai shekarar 2125. Jamus ma ta jibge gangunan sharar nukiliya kusan 126,000 a mahaƙar gishiri ta Asse tsakanin 1967 da 1978, daga baya ruwa ya fara kutsawa, yanzu doka ta wajabta a fito da su. Waɗannan fa ƙasashe ne da ake yabo wajen adana takardu, ina ga mu da fayil ɗin fili kan ɓace a ofis?

Makamashi ana iya mayar da shi ga mai shi, kamar yadda aka mayar wa Sin na ƙaramar tukunyar bincike ta Jami'ar Ahmadu Bello a 2018. Gurɓataccen gini kuwa a ƙasarmu zai zauna, don haka ina son in ga kuɗin rushe shi da sunan mai biya a rubuce cikin yarjejeniya kafin a aza harsashi.