Zaman Maricopa da zafinta

Da asuba nake fita tattaki a bakin magudanar ruwa a Mesa, domin da zarar rana ta ɗaga, marikin ƙofar mota ma ƙona hannu yake yi. Gundumar Maricopa ke nan, a jihar Arizona ta Amurka. Ƙidayar 2020 ta nuna mun haura miliyan 4.4, kuma har yau baƙi ba su daina sauke kaya ba. Can yamma a Buckeye, gonaki sai komawa unguwanni suke yi.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne zafin 2023. Kwana 31 a jere zafin rana a Phoenix, babban birnin jihar, yana kai digiri 43 ko fiye. Mutum 645 zafi ya kashe a gundumar a shekarar, da yawansu marasa matsuguni ne, wasu kuma tsofaffi ne da na'urar sanyaya ɗaki ta lalace musu. Tun daga lokacin, kowace yamma sai na ƙwanƙwasa ƙofar wata dattijuwa maƙwabciyata, in ji muryarta, sannan hankalina ya kwanta.

Ruwa kuwa, wani kaso daga kogin Colorado ake jawo shi, ta magudana mai tsawon kilomita kusan 540. Wasu magudanan cikin gari suna bin sawun waɗanda mutanen Hohokam, 'yan asalin yankin na zamanin da, suka haƙa da hannu ɗaruruwan shekaru da suka wuce. Ina ganin ya kamata duk mai gina sabuwar unguwa ya fara gaya mana inda ruwanta zai fito.