Ranar da Aka Ce In Rera Waƙar Garinmu a Xi'an

Karatun injiniyan lantarki ne ya kawo ni birnin Xi'an na ƙasar Sin, amma da na shiga shekara ta biyu sai na ɗauki Sinanci da adabinsa a matsayin ƙaramin fanni, ko da yake abokan zamana sun ce ɓata lokaci ne, tunda da Turanci ake koyar da mu injiniyanci. Dalilina kuwa daga gida na taho da shi. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ba ya kwanciya sai ya kama Sashen Hausa na Rediyon Sin a gajeren zango, sashen da aka buɗe tun 1963, kuma yakan ce mutanen da suka ɗauki wahalar koyon harshenmu sun cancanci a koyi nasu.

Da farko karatun ya zo mini da sauƙin da ban zata ba. Karin sauti huɗu na Sinanci, wanda ke wahalar da ɗaliban Turai, bai zame mini baƙo ba, domin duk Bahaushe ya san cewa da hawa da saukar murya kaɗai ake rarrabe kukan yaro da kukar miya. Rubutun ne ya ci mini dare, saboda kowace alama tana da tsarin zanenta, wannan layi kafin wancan, kuma sai ka maimaita ta har hannu ya saba, kamar yadda muke wanke allo mu sake rubutawa a makarantar Malam. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi ƙwarai ranar da na fara karanta sunayen abinci da kaina a unguwar Musulman Hui da ke kusa da Babban Masallaci, har mai shagon ya kira matarsa ta zo ta saurare ni.

Abin da ya hana ni barci ya faru ne a makon bikin tsakiyar kaka, wanda ake yi ranar 15 ga wata na 8 a kalandarsu ta gargajiya, lokacin da iyalai ke taruwa su kalli cikakken wata. Malamarmu ta sa mun haddace wata gajeriyar waƙa ta Li Bai, mawaƙin zamanin daular Tang wanda ya rayu daga 701 zuwa 762, kuma ya taɓa zama a wannan birni lokacin yana fadar sarauta da sunan Chang'an. Waƙar ɗango huɗu ce, kowane ɗango alama biyar, kuma ba ta wuce labarin baƙon da ya ga hasken farin wata a gaban gadonsa ya zaci raɓa ce ta daskare, ya ɗaga kai ya dubi watan, sannan ya sunkuyar da kai ya tuna gida. Na biya ta ba tare da kuskure ba, aka tafa mini.

Daga nan sai malamar ta ce kowa ya kawo waƙa ɗaya ta harshensa. Wani ɗan Pakistan ya miƙe ya zuba baitoci da Urdu har idonsa ya ciko, wata 'yar Kazakhstan ma ta rera tata. Da aka zo kaina, na tashi na buɗe baki, amma babu abin da ya fito. Na lalubi ƙwaƙwalwata ban sami waƙar Hausa ko ɗaya da na riƙe daga farko zuwa ƙarshe ba, sai gutsattsarin amshi. Malamar ba ta nufe ni da komai ba, ta ma yi ƙoƙarin fitar da ni kunya ne da ta ce wataƙila al'ummarmu ba ta da rubutattun waƙoƙi. Wannan magana ita ce ta fi yi mini ciwo, domin na san kakanmu ya bar gafaka cike da waƙoƙin wa'azi da ajami, na kuma san Nana Asma'u ta rubuta waƙoƙi da Hausa da Fulatanci da Larabci tun ƙarni na 19, amma a lokacin Sinancina bai kai in kare su ba, haddata kuma ba ta kai in kawo hujja ba. Haka na zauna shiru.

A daren nan ban shiga bikin cin wainar farin wata, wainar da suke ci a wannan biki, da aka shirya mana ba. Na jira har ƙarfe uku na dare, domin sun riga mu da awa bakwai, na san a lokacin Inna ta idar da sallar isha'i, sannan na kira ta. Bayan mun gaisa na ce, "Inna, don Allah ki rera mini waƙar nan da kike yi idan kuna daka da Gwaggo." Ta yi shiru, sannan ta ce, "Kai kuwa lafiya? Ko yunwa kake ji a can?" Ni ɗan fari ne, ba ta taɓa kiran sunana ba, balle ta yi mini waƙa ni kaɗai, don haka sai da ƙanwata ta sa baki tana lallashi kafin ta yarda.

Ta rera a hankali, muryarta ta tsufa fiye da yadda na bar ta. A cikin waƙar akwai sunayen yayyenta da suka rasu, da rijiyar ƙauyensu wadda ta ƙafe tun kafin a haife ni, da surukar da take yi wa habaici ba tare da ta ambace ta ba. Ina bin ta ina rubutawa a littafin darasin Sinanci, ina ɗora wa kowace gaɓa alamar hawa ko sauka kamar yadda aka koya mana a aji, don kada in manta karin. Da ta zo baitin da sunan mahaifinmu yake ciki, sai ta yi guna-guni ta tsallake shi kamar yadda ta saba tun yana raye, ni ma na bar gurbin a takardar ban cike ba.