Fuskokin mutanen Malta da suka hana ni barci

Shekaranjiya da daddare ɗan kawuna da ke aikin jinya a Malta ya antayo min hotuna a WhatsApp, har na fara mitar data. Ashe wani nunin zane ya shiga a Valletta, babban birninsu, masu zane da yawa ne suka haɗu kowa ya kawo nasa kuma duk fuskokin mutane ne, ya san ni da fensir da gawayi shi ya sa ya tuna da ni. Wallahi sai wajen ƙarfe biyu na ajiye wayar.

Akwai wani tsoho da rana ta gasa masa fuska, kana gani ka san a teku ya ƙare rayuwarsa, mai zanen bai goge masa ko tamoji ɗaya ba. Kusa da shi wata mata ce an bar rabin fuskarta ba a ƙarasa ba, fenti yana zuba, amma idon nan guda ɗaya ya ishe ka. Daɗin nunin haɗaka kenan, bango ɗaya hannu daban-daban, wannan ya bi kama sak kamar hoton kyamara, na gefensa kuma ko a jikinsa, halin mutumin yake nema.

Malta fa ƴar mitsitsiya ce, murabba'in kilomita 316 a tsakiyar Bahar Rum tsakanin Sisili da Libiya, mutanenta ba su kai na Jos yawa ba. Yarensu ma daga Larabci ya samo asali duk da yawancinsu Katolika ne, Ubangiji suna ce masa Alla, azuminsu kuma Randan. Amma zanen fuska ya daɗe a wurinsu. Caravaggio, wani mai zane ɗan Italiya, ya je can a 1607 ya zana shugaban mayaƙan St John da ke mulkin Malta a lokacin, Alof de Wignacourt, cikin sulke, zanen yana gidan tarihi na Louvre a Faris yanzu. Daga baya aka yi irin su Edward Caruana Dingli da ya rasu a 1950, ya zana manyan ƙasa ya kuma zana mata cikin għonnella, wani baƙin lulluɓi da matansu ke yafawa a da, in ka gani sai ka rantse matan wajenmu ne za su gidan suna. A 2018 suka buɗe gidan adana zane na ƙasa mai suna MUŻA. Wato da masu mulki aka fara, amma a hotunan da aka turo min ban ga mai mulki ko ɗaya ba.

Nan ne abin ya taɓa ni. Mu a nan aikin da ke kawo kuɗi shi ne zanen oga, za a yi masa bikin zagayowar haihuwa ko ya samu muƙami sai a turo maka hotonsa a ce ka rage tumbi, ka ƙara haske, ka gyara hula, ran Juma'a ake so. Ina yi, da shi nake biyan haya kuma ba na raina shi. Amma matan da ke sayar da tumatir a Farin Gada fa, da tsofaffin da suka haƙi kuza a Bukuru har bayansu ya ranƙwafa, wa ya taɓa zaunar da su ya kalli fuskarsu awa biyu? Alhali in ka shiga gidan tarihi na Jos da aka buɗe a 1952 kawunan Nok ne za su tare ka, fuskokin yumɓu da suka haura shekara 2,000, da idanunsu da kitsonsu.

Na san akwai masu ƙyamar zanen abu mai rai saboda addini, a gidanmu ma akwai, ba na musu da kowa kuma ba na zana wanda bai yarda ba.

Jiya da safe na je wajen Inna mai masa ta bakin layinmu na ce Inna don Allah ki ba ni dama in zana ki. Ta yi dariya ta ce ɗan nan me za ka yi da tsohuwar fuska, na ce ita nake so. Ta ce to sai ran Asabar bayan ta tashi daga kasko, kuma kar in sake in cire mata ɗankwalinta na aiki. Na kira abokaina biyu masu zane, kowa zai nemo mutum uku a unguwarsu, wurin ratayewa ne kawai ba mu samu ba tukuna.