Abin da na yi da watanni takwas na yajin aiki

A Fabrairun 2022 malaman jami'o'in Najeriya suka tafi yajin aiki, muka tattara komatsanmu muka koma gida da zaton abin na 'yan makonni ne. Sai Oktoba aka janye. Da zaman ya fara gundura ta, na shiga Coursera, wani shafin koyon darussa ta intanet, na ɗauki kwas ɗin koyon Python (yaren rubuta wa kwamfuta umarni) na Charles Severance, malami a Jami'ar Michigan ta Amurka, wanda ɗalibansa ke kira Dokta Chuck. Ban biya ko sisi ba, sai dai kuɗin data. Ita ma sai dare ya raba nake sauke darussan, lokacin da take araha.

Makonni ukun farko yaudarar kaina na yi. In kalli bidiyo, in gyaɗa kai, in ce na gane. Ranar da na ari kwamfutar yayana don in rubuta layi biyar na Python da kaina, sai na zura wa allon ido, ko harafi ɗaya ya ƙi zuwa.

Wani abokina ne ya jefa ni cikin wata ƙungiyar WhatsApp ta mutum bakwai masu bin kwas ɗin: akwai ɗan Zariya, da wata baiwar Allah daga Kumasi, da wani ɗan Maraɗi da ya yi bokonsa da Faransanci. Dokarsu ɗaya ce: duk Juma'a kowa ya rubuta abin da ya fahimta, kuma da Hausa. Da farko na raina dokar. Ashe da Turanci kana iya maimaita kalmar malami ka wuce ba tare da ka gane ta ba, da Hausa kuwa babu wurin ɓuya. Kwana biyu muka yi muna gardama kan yadda za mu kira variable. Ɗan Zariya ya ce akwati, ni na ce mazubi. Ta Kumasi ta ce duk mun kauce, suna ne kawai da ake liƙa wa abu, gobe a cire a liƙa wa wani. Ita ce da gaskiya.

Na sha kunya ma. Na taɓa rubuta cewa range, umarnin da ke jero lambobi a Python, daga 1 zuwa 10 yana kaiwa har 10. Ɗan Maraɗi ya ce, "Malam, gwada mu gani." Na gwada, ya tsaya a 9. Na kalli bidiyon wannan darasin sau biyu bai zauna ba, amma tun ranar ban sake mantawa ba.

Daga baya na karanta cewa a 2008 George Siemens da Stephen Downes sun buɗe wani kwas a Jami'ar Manitoba ta Kanada: ɗalibai 25 a aji, sama da 2,000 kuma kyauta ta intanet, kowa na rubuta fahimtarsa wasu na yi masa gyara. Ra'ayinsu shi ne ilimi na zaune ne a cikin alaƙar da ke tsakanin masu nemansa. Murmushi na yi, don na tuna zauren malaminmu na unguwa, inda bayan an tashi darasi manyan ɗalibai ke zama su biya wa ƙanana.

Cikin mu bakwai, uku ne muka kai ƙarshe. Takardar shaida ban saya ba, kuɗin ya fi ƙarfina. Ɗan Maraɗi kuwa har yau ban taɓa ganin fuskarsa ba, amma ko a makon jiya sai da ya turo min layi goma sha biyu, wai in duba masa inda ya karkace.