Lahadina ta farko a Bradford

Na sauka Ingila a watan Janairu da takardar aikin jinya, lokacin da rana ke faɗuwa tun ƙarfe huɗu na yamma. Ni 'yar Wusasa ce, kusa da Zariya, kuma tun muna yara muke jin labarin Likita Miller, Baturen CMS, ƙungiyar mishan ta Anglikan, da ya zauna a Zariya ya kuma yi aikin fassarar Littafi Mai Tsarki da ta fito a 1932. Don haka a raina, ƙasar da ta turo mana bishara na zo, har ina ɗokin Lahadi.

Na ɗaura zanen Zumuntar Mata, na ɗora rigar sanyi a kai, na tafi majami'ar Anglikan ta unguwarmu. Ginin dutse ne da zai ɗauki ɗaruruwan mutane. Na ƙirga waɗanda suka zo: ba mu kai talatin ba, yawanci masu furfura. Ba ganga, ba tulu, ba guɗa. Awa ɗaya cif aka tashi. Na koma ɗaki na yi ta kuka.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ƙofar a buɗe take, ba mai binciken jaka. Mu kuwa tun Yunin 2012 da aka kai wa majami'u hari a Wusasa da Sabon Garin Zariya, sai an caje mutum kafin ya shiga sujada, amma duk da haka benci ba ya isa. A nan Sarki ne shugaban Ikkilisiyar Ingila, bishop-bishop 26 na da kujeru a majalisar dattawa, amma ƙidayar 2021 ta nuna waɗanda suka ce su Kirista ne a Ingila da Wales ba su kai rabi ba. Na yanke musu hukunci a zuciyata, na ce bangaskiyarsu ta mutu.

Wata tsohuwa ce ta sa na janye wannan hukunci. Ta haura tamanin, da sanda take tafiya. Ta nace in riƙa kiranta da sunanta, na ce bakina ba zai iya ba, Mama zan ce. Ita ta ja ni ɗakin bayan majami'a ranar Laraba, inda suke raba taliya, madara da abincin gwangwani ga waɗanda kuɗi ya yanke musu. Ba a tambayar addinin kowa. 'Yan Pakistan da Turawa layi ɗaya suke bi. Shekara da shekaru tana wannan aiki, kuma kowace safiya tana ambaton sunayen marasa lafiyan unguwa cikin addu'a, daga wani ɗan littafi da ya tsufa. Da ta ji daga ina na fito, ta rubuta Zariya a ciki.

Har yanzu ina kewar waƙa, ba zan ɓoye ba. Nakan kunna ta matan gida a waya ina girki.

Ranar Fentikos, wato ranar tunawa da saukowar Ruhu Mai Tsarki, limamin ya ce kowa ya yi Addu'ar Ubangiji da harshen uwarsa. Na ɗaga murya da Hausa, muryata na rawa. Mama ta riƙe mini hannu har na kai Amin, sannan ta ce in koya mata yadda ake cewa salama.