Abin da aikin awon jarirai ya koya min

Farkon fara fita awon jarirai a ƙauyuka ina ganin idona ya ishe ni, ai mai tamowa ba ya ɓuya, ga haƙarƙari a waje ga fata ta saki. Sai wata rana wata uwa ta miƙo min ɗanta tana murmushi, kumatu cike ƙafafu ɓul-ɓul, har na ce masha Allah wannan kam ya ƙoshi. Babbarmu a wajen aiki ta ce, "Ƙanwata, danna saman ƙafafunsa da babban yatsa ki ƙirga uku." Na danna, na ɗaga, ramin ya zauna daram bai ciko ba. Ashe ruwa ne ba ƙiba ba, kuma kumburin ƙafa biyu irin wannan tamowa ce mai tsanani ko da sikeli ya nuna nauyi. Wallahi ranar kunya kamar in nutse.

Daga nan na daina raina tef ɗin nan mai kala uku da ake zagaya damtsen yaro ɗan wata 6 zuwa 59. Ƙasa da santimita 11.5 ja ne, wato tamowa mai tsanani, daga nan zuwa 12.5 rawaya, wato matsakaiciya, sama kore, ba rama ke nan.

Amma wanda ya fi ci min rai shi ne tsumburewa, don shi ba wanda ke kawo maka yaron, yana wasansa yana dariya, gajarta ce kawai, ka yi magana a ce gado ne duk gidanmu haka muke, ni ma da na yarda da hakan fa. Sai da na karanta yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ma'aunin girman yara a 2006, an bi yara a Brazil, Ghana, Indiya, Norway, Oman da Amurka, aka ga in dai sun samu nono da abinci da kulawa girmansu kusan ɗaya ne. Kuma lokacin gyaran kwana 1,000 ne, daga shigar ciki zuwa cika shekara 2, bayan nan da wuya a maido abin da ya wuce, har ƙwaƙwalwa abin ke taɓawa.

Shi ya sa yanzu layin nauyin yaro da ke kan katin awo nake bi. Jariri kan ninka nauyin haihuwarsa wajen wata 5, ya ninka uku a shekara. In layin ya kwanta wata biyu a jere to akwai magana, kuma sau da yawa in ka bi diddigi zawo ne, an fara ɗura masa ruwa tun kafin wata 6 wai ƙishi yake ji, alhali fiye da kashi 80 na nonon uwa ruwa ne.

A da faɗa nake yi, uwa ta sunkuyar da kai ta ce to, wata mai zuwa ba za ka sake ganinta ba. Yanzu zama nake kusa da ita in ce, "Maman yaro, jiya tun da gari ya waye me da me ya shiga bakinsa?"